Manet Mai Roba

A Mokoyo, bayan injin markaɗen tattasai,
Nomau na da tele uku da benci biyu,
da manet shida, ɗaya an ɗaure ta da robar tayar keke.
Wannan ita ce tawa.
Dala ashirin, wasa biyar, shayi kyauta in kana da baki.

Ni tela ne. Da la'asar sakaliya nake rufe keke,
in zo da zare a wuyan riga.
Kullum wani ƙato mai tumbi nake zaɓa,
don faɗuwarsa kawai:
tim! kamar buhun gujiya daga saman mota.
Duk abin da yatsa ya taka shi nake dannawa.
In na ci, rabo ne.
In an ci ni, a zubo na biyu.

Ma'azu kuwa,
wanda muka koyi abin nan tare da canjin cefane,
ya sayi littafi mai shafi ɗari
ya cika shi da kibiyoyi:
ƙasa, gaba, gaba, naushi.
Ya san bugun da ke riga ƙiftawar ido,
ya san ƙafar da in ta tashi take barin ƙirji a buɗe.
Ya bar shan shayin farko, wai yana sa hannu rawa.
Ya hana magana in yana wasa.
Mu da maganar ce ta kawo mu!

"Ɓata wasan kuke yi," in ji shi.
Na ce, "Kai ka yanka shi, ka feɗe,
ga ka nan kana ƙirga haƙarƙari."

Wata Laraba ya ci ni sha ɗaya a jere,
ko gefen rigarsa ban taɓa ba.
Cin bai dame ni ba.
Rashin dariyarsa ne na kwana da shi.

Nomau ya gaji da raba gardama, ya raba ɗaki:
tele ta dama ta ƴan gasa,
ta hagu tamu, ƴan shan iska.
Ta tsakiya, da ma ta daɗe tana layi-layi,
sai ta mutu, ba wanda ya tambayi mai gyara.

Da aka yi kiran gasa a Yamai
mun haɗa masa kuɗin mota.
Har ni, jika guda, kuɗin ɗinkin wando.
Kwana uku ya dawo da ƙafa a kumbure.
Wani yaro ɗan sha huɗu daga Damagaram
ya fitar da shi a zagaye na biyu,
yana tauna cingam, bai ko gyara zama ba.

Daren nan Ma'azu ya wuce dama ya zo hagu.
"Ba ni mai robar."
Ya zaɓi ƙatona mai tumbi,
ya danna ta ko'ina kamar mai kashe kiyashi,
ya faɗi, tim, ya tashi, ya sake faɗi,
yana dariya har da tari,
irin dariyar da na sani tun muna satar canji.

To, ga abin da ban faɗa wa kowa ba:
littafin nan wurin Nomau ya bar shi,
kuma kwana uku suna da tsawo.

Ƙasa, gaba, gaba, naushi.
Na ci shi tas. Ban bar masa numfashi ba.
Sai da allo ya rubuta sunana
na ji haƙorana a cije, kafaɗa a sama,
shayina ya huce a gindin benci.

Nan kuran ya ɗauke.
Duhu, sai jan garwashi a bakin ƙofa
da ƙarar kabu-kabu can bakin titi.

"Tela," in ji shi, "a ina ka koyi wannan?"
Na ce, "Sa'a ce."
A kan gwiwata, inda ba ya gani,
babban yatsana bai daina ba:
ƙasa, gaba, gaba.